Tunda kyauta ne, me ya hana matan karkara samun tazarar haihuwa?

Wata ɗaliba mai karatun ungozoma ce ta yi wannan tambaya: "A aji an ce mana kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Amma a ƙauyen da aka tura ni sanin makamar aiki, ba kasafai mace ke zuwa nema ba, alhali ga masu kunika nan birjik, goyo a baya ciki a gaba. Ba sa so ne, ko kuwa abin ne ba ya isa gare su? Me masu bincike suka gano?"

Ƙanwata, duka biyun akwai a ƙauyen nan da kike, kuma babban aikinki shi ne ki iya rarrabe su. Akwai matar da ba ta so, ta san abin da take yi, wannan haƙƙinta ne a ƙyale ta. Akwai kuma wadda take so ƙwarai ta huta, amma tsakaninta da teburinki akwai shingaye da ke ba kya ganinsu daga inda kike zaune. Duk maganar adalci a wannan fanni a kan mace ta biyun take.

Gaskiya ne gwamnatin tarayya ta soke karɓar kuɗin kayan tazarar haihuwa a asibitocinta tun 2011. Jamhuriyar Nijar ma ta riga mu, tun wajen 2006. Amma ki dubi abin da babban binciken lafiyar iyali na ƙasa ya nuna a 2018, shekara bakwai bayan an ce kyauta ne. A cikin matan aure na Nijeriya, kashi 12 cikin 100 ne ke amfani da hanyar zamani. A Kudu maso Yamma kusan kashi 24 ne, a Arewa maso Yamma kusan kashi 6. A Legas kashi 29, a Sakkwato da Yobe wajen kashi 2. Idan aka kasa mata gida biyar bisa wadata, mafi talauci ba su wuce kashi 4 ba, mafi wadata sun haura kashi 20. Tsakanin wadda ba ta shiga makaranta ba da wadda ta wuce sakandare ma kusan haka ratar take. Binciken da aka sake yi a 2023 zuwa 2024 ya nuna an ɗaga zuwa kashi 15 a ƙasa baki ɗaya, ci gaba ne amma na tafiyar hawainiya.

Sai dai kada ki ɗauki wannan rata gaba ɗayanta ki kira ta zalunci. A binciken 2018 ɗin, da aka tambayi mata 'ya'ya nawa suke ganin ya dace, amsar ta tashi a kan shida, maza kuma bakwai, a Arewa har ya fi haka. A Nijar binciken 2012 ya samu wajen tara. Mutumin da ya ga yara suna mutuwa kafin su shekara biyar, wanda ba shi da fansho sai 'ya'yansa, kuma addininsa da al'adarsa suna girmama zuri'a, ba jahilci ne ya sa yake son haihuwa ba. Shi ya sa masana suka fi dogara da wani ma'auni daban: a cikin matan da suka ce da bakinsu suna son su jinkirta ciki na gaba da shekara biyu ko su tsaya, nawa ne ba sa amfani da komai? A 2018 kashi 19 ne na matan aure, kusan mace ɗaya cikin biyar. A Arewa maso Yamma adadin ya fi ƙanƙanta, wajen kashi 14, amma ko a hakan waɗanda ke so ba su samu ba sun ninka waɗanda suka samu. A Legas kuwa masu samun sun fi marasa samu yawa. A nan rashin adalcin yake.

Abin da ya sa nake damuwa da wannan ba lissafin yawan jama'a ba ne. Haihuwa ɗaya cikin huɗu a Nijeriya tana zuwa ne kafin wadda ta gabace ta ta cika wata 24, kuma yaran da aka haifa kurkusa haka mutuwarsu kafin shekara biyar ta haura ninki biyu na waɗanda aka samu tazarar shekara huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani cikin. Kakanninmu sun san wannan. Shi ya sa mai kunika take jin kunya, shi ya sa ake tafiya wankan gida a daɗe, kuma Alƙur'ani ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku a suratul Baƙara. Abin da ya canja shi ne zaman jego a gidan iyaye ya gajarta, an koma ɗakin miji da wuri, ba a kuma samu abin da ya maye gurbin wancan tsari ba.

To me ke hana mai so samu? Cibiyar bincike ta Guttmacher ta tattara amsoshin mata daga ƙasashe 52 a 2016. Cikin matan aure masu buƙata da ba sa amfani da komai, kusan kashi 26 sun ce tsoron illa ga lafiyarsu ne, kashi 24 sun ce ba sa yawan saduwa, kashi 23 sun ce su ko wani nasu ba ya so, kashi 20 sun ce suna shayarwa ko al'ada ba ta dawo ba. Waɗanda suka ambaci tsada ko nisa kaɗan ne ƙwarai. An kuma gwada abin a aikace a karkarar Burkina Faso, inda aka bai wa dubban gidaje takardar samun kaya kyauta har shekara uku, cikin wani bincike da ya haɗa gidaje sama da 14,000. Da aka zo ƙirga haihuwa, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba tsakaninsu da waɗanda ba a biya musu duka ba. Cire kuɗin magani shi kaɗai bai isa ba.

Ki kwatanta da abin da aka yi a Lilongwe ta ƙasar Malawi, da mata sama da 2,000 masu ciki da masu jego. Can ba a tsaya ga biyan kuɗin magani ba. An riƙa aika mai ba da shawara har gida, an ba su mota kyauta zuwa asibiti mai kyau, an kuma ɗauki nauyin jinya idan maganin ya kawo matsala. Bayan shekara biyu, yiwuwar sake ɗaukar ciki da wuri ta ragu da fiye da kashi 40. Birni ne ba ƙauye ba, mutanen ma daban ne, saboda haka ba za a ce gwaji ɗaya ba ne. Amma darasin a fili yake: abin da mace ke biya ba kuɗin allura ba ne kawai. Akwai kuɗin acaba zuwa da dawowa, akwai kati, akwai safar hannu da auduga da gwajin ciki da a wurare da yawa ake cewa ta saya, akwai yinin da ta rasa na sana'arta, akwai izinin fita, akwai kuma idon maƙwabciya da za ta gan ta a layin da kowa ya san na mene ne.

Zancen illa shi ne nake so ki fi riƙewa, domin a nan mu ma'aikatan lafiya muka fi gazawa, kuma a nan ne talaka ta fi cutuwa. Allurar wata uku da ashanar fata, wato wadda ake sawa a ƙarƙashin fatar dantse, suna rikita jinin al'ada. Wata ya ɗauke mata gaba ɗaya, wata ya riƙa ɗiga kwana da kwanaki. A littafin likita an rubuta cewa wannan ba haɗari ba ne, kuma hakan ne. Amma ga mace Musulma ɗigon jini ba ƙaramin abu ba ne. Ba ta san ko ta yi salla ko ta bari ba. Azumi ya zo tana cikin kokwanto. Miji ya fara tambayar wane irin jini ne wannan da ba ya ƙarewa, in kuma akwai kishiya, kwananta ne ke tafiya a banza. Wadda jinin ya ɗauke mata kuma sai a ce mata taruwa yake yi a mara, wata rana zai zama ƙari. Idan ta dawo asibiti aka ce mata "ba komai, zai daina", ba za ta sake dawowa ba, kuma duk matan gidansu da na maƙwabta za su ji labari. Matar mai hali a birni tana da lambar likita, za a canja mata hanya ko a ba ta maganin tsayar da jinin. Ta ƙauye sai dai ta daina. Binciken 2018 ya nuna kusan huɗu cikin goma na waɗanda suka fara wata hanya suna barinta kafin shekara ta zagayo. Wasu don suna son ciki ne, amma da yawa saboda irin wannan ne.

Maganin wannan ba tsada gare shi ba. Ki gaya mata tun kafin ki tsira allurar abin da zai iya faruwa da jininta, da cewa jinin ba taruwa yake ba, bangon mahaifa ne bai yi kauri ba balle ya zubo. Ki gaya mata gaskiya cewa bayan daina allurar wata uku ciki kan yi jinkiri, sau da yawa wajen wata goma daga allurar ƙarshe, amma ba ta hana haihuwa har abada. Ashanar fata da robar mahaifa kuwa da an cire ake iya ɗauka. Ki kuma san cewa fiƙihu ya bambance haila da jinin istihala, kuma mai istihala tana salla tana azumi. Ba ke za ki ba da fatawa ba, amma ki san malamar Islamiyyar da za ki tura ta wurinta. A ganina ungozomar da ta yi zumunci da malamar unguwa ta fi wadda aka cika wa kabad da kaya amfani.

Shinge na gaba mu ne da kanmu. Lokacin da aka gudanar da shirin NURHI na bunƙasa tazarar haihuwa a birane shida na Nijeriya, ciki har da Kaduna da Zariya da Abuja, masu binciken da suka bi diddiginsa sun tambayi ma'aikata wa suke bai wa kaya, wa suke hanawa. Da yawa sun amsa cewa suna sa sharaɗin shekaru, ko yawan 'ya'ya, ko aure, sharuɗɗan da babu su a ƙa'idar aiki. Wato amarya 'yar shekara 16 da ta sha wuyar haihuwar fari, wadda ita ce ta fi kowa buƙatar hutu, ita ce za a ce wa ta je ta ƙaro biyu tukuna. Bazawarar da ke shirin sabon aure a yi mata kallon tuhuma. Shirin ya horar da ma'aikata, ya gyara ɗakunan ganin mata, ya yi amfani da rediyo da malamai, kuma amfani da hanyoyin zamani ya ƙaru da wajen maki goma cikin shekara huɗu a waɗannan birane. A binciken 2018 Kaduna ce ke gaban sauran jihohin Arewa maso Yamma a wannan fanni.

Sai maigida. A nan bincike bai ba da amsa mai sauƙi ba, kuma ba na so in sauƙaƙa miki ita. A Lusaka ta Zambiya an bai wa wasu mata takardar ganin ma'aikaciya su kaɗai, wasu kuma aka ba su a gaban mazajensu. Waɗanda aka bai wa a gaban miji zuwansu asibiti ya ragu da kashi 19, haihuwarsu ta ƙaru da kashi 27. Da an tsaya nan sai a ce a ɓoye wa maza kawai. Amma binciken ya kuma gano cewa matan da suka samu damar yi a ɓoye sun fi nuna rashin kwanciyar hankali daga baya. Rufa-rufa a cikin aure tana da nata nauyin. Da masu binciken suka dawo suka koya wa mazaje haɗarin da mace ke shiga wajen haihuwa, sai ɗaukar ciki ya ragu sosai a waɗannan gidaje. Maza da yawa ba mugunta ce ke sa su ƙi ba, ba su taɓa shiga ɗakin haihuwa ba ne, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani.

A kan wannan tunani aka kafa makarantun mazaje a jihar Damagaram ta Nijar a ƙarshen shekarun 2000, da tallafin UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, inda magidanta masu mutunci a gari ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a likita da tazara, sannan su ja hankalin 'yan'uwansu. A jihar Doso kuma an yi gwaji a ƙauyuka 48 na Hausawa da Zabarmawa kan matan aure 'yan ƙasa da shekara 20, aka ga ziyarar gida, ita kaɗai ko haɗe da zaman ƙananan ƙungiyoyi, na mata daban na maza daban, ta ƙara amfani da hanyoyin zamani. Tun a shekarun 1990 aka ga irin wannan a Navrongo ta arewacin Gana: inda aka kai nas ta zauna cikin ƙauye kuma aka shigo da sarakuna da taron maza, haihuwa ta ragu da kusan ɗa ɗaya ga kowace mace a shekarun farko. Ra'ayina shi ne a jawo maza a matsayin jama'a, a majalisa da masallaci da rediyo, amma a ɗakin ganin ma'aikaciya mace ce ke da ikon cewa a kira mijinta ko kada a kira. Ita ta san gidanta. Sirrinta amana ne a wuyanki.

Kusanto da kaya kusa da mace shi ne abin da aka fi daɗewa da tabbatarwa. A Matlab ta Bangladesh, tun 1977, matan gari da aka horar suka riƙa zagaya gidaje duk mako biyu, a cikin al'ummar Musulmi mai kulle irin namu, kuma amfanin ya bayyana har a lafiyar yara da dukiyar gida shekaru da yawa bayan nan. Nijeriya ta ɗauki hanyar a 2014 da ta yarda jami'an lafiya na matakin farko su riƙa sa ashanar fata, aikin da da sai nas ko likita. Ga kuma allurar nan ta Sayana Press da ake yi a ƙarƙashin fata, wadda mace za ta iya koyon yi wa kanta. Nijar na cikin ƙasashe huɗu da aka fara gwada ta a 2014. A wani gwaji a karkarar Malawi, bayan shekara guda kashi 73 na masu yi wa kansu suna nan a kai, masu zuwa a yi musu kuwa kashi 45. Ga matar da ke rugar da damina ke yanke wa hanya, ko garin da 'yan bindiga suka hana zirga-zirga, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Haka ma masu kemis, waɗanda su ne asibitin farko na talaka. An gwada horar da su a Kaduna da Legas don su ba da shawara da allura yadda ya kamata.

Duk wannan kuwa sai in kayan na nan. Senegal ta yi fama da yankewar kaya, sai daga 2012 ta sauya tsari: maimakon ma'aikaciya ta cike takarda ta jira, sai motar 'yan kasuwa ta zagayo duk wata ta ƙirga abin da ya rage ta cike gurbi. Yankewar ta sauka ƙasa da kashi 2, amfani da hanyoyin zamani ya ninka cikin 'yan shekaru. Mu kuwa mun daɗe muna dogaro da masu ba da tallafi na waje wajen sayen kayan, kuma rufe hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, a 2025 ya nuna haɗarin hakan. Idan kaya suka yanke, mai kuɗi ta tafi asibitin kuɗi, talaka ta koma gida.

Akwai wani ɓangare na adalci da ba a cika koyarwa a aji ba, kuma ina ganin ya kai sauran muhimmanci. Mace tana iya kasancewa cikin masu amfani a rajista, alhali an zalunce ta. Mai bincike Leigh Senderowicz ta tattara labaran matan Afirka da aka sa musu wata hanya ba tare da an nuna musu sauran ba, ko aka matsa musu suna kan gadon haihuwa, ko suka dawo a cire musu ashanar fata aka ce sai wa'adinta ya cika. Wannan na faruwa ne idan aka ɗora wa asibiti adadin da zai cika, aka kuma fi yaba hanyoyi masu daɗewa. Tawagar wayar da kai ta zo ƙauye da mota ta sa wa mata da yawa ashana kyauta a yini ɗaya, ta tafi. Bayan wata shida mai son cirewa ba ta da wanda ya iya, ko a ce ta biya. Wa ya fi faɗawa wannan? Wadda ba ta yi boko ba, wadda ba ta iya musu da mai farin kaya. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a 1994 ya yi watsi da tsarin cika adadi ne saboda abin da aka gani a Indiya a shekarun 1970, inda aka yi wa miliyoyin mutane aikin hana haihuwa bisa tilas, kuma an sake ganin irinsa a Peru a ƙarshen shekarun 1990 kan matan karkara.

Mutanenmu ma suna da dalilin yin taka-tsantsan. Gwajin maganin Trovan kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 bai fita daga zukata ba, kuma yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙin rigakafin shan inna a 2003, lokacin da aka yaɗa cewa yana hana haihuwa. Wanda ya ga asibitin garinsu ba maganin zazzaɓi, ba jinin ƙari ga mai naƙuda, amma kayan tazara kullum kyauta, dole ya yi tambaya. Amsar ba a baki take ba. Sai an ga ma'aikaciyar da ke ba da allurar tazara ita ce ke awon ciki, ita ce ke yi wa yaro rigakafi, ita ce kuma ke taimaka wa wadda ta shekara biyar ba ta samu ciki ba ta san inda za ta nufa.

Game da ƙauyen da kike, kada ki jira su a ɗakin da aka rubuta wa suna a ƙofa. Masu jegon da ke kawo jarirai rigakafi su ne matan da kike nema, kuma ba wanda zai tambaye su me ya kawo su. Ki tambayi kowacce yaushe take son ciki na gaba, ki saurari amsar. Wadda ta ce shayarwa ta ishe ta, ki gaya mata sharuɗɗan uku: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana ba ko ruwa, al'ada kuma ba ta dawo ba. Da ɗaya ya faɗi kariyar ta faɗi, kuma a garuruwanmu da ake bai wa jariri ruwa tun makon farko, yawanci ta faɗi tun da wuri. Kada ki sa wa kowa ashana sai kin tabbatar akwai mai cirewa a kusa, kin kuma gaya mata ko gobe ta dawo za a cire ba tare da an tambaye ta dalili ba. Sannan ki buɗe shafi a littafinki na waɗanda suka fara suka daina, da abin da kowacce ta ce ya sa ta daina, da unguwa ko rugar da ta fito. Rajistar da ake aikawa ƙaramar hukuma ta fi kula da sababbin shiga. Wannan shafin naki shi zai nuna miki wace unguwa ce ba ta zuwa sam, da kuma ko jini ne, ko miji, ko kuɗin acaba ke mayar da su gida.